Darbejiya a kan kwanon maƙwabci: amsar tambayar igiya da hawa

Wa alaikumus salam ƙanina. Na ga tambayarka, ka ce ka jima kana yankan itace da inji a ƙasa amma ba ka taɓa aikin sama ba, yanzu an ba ka aikin rage wata tsohuwar darbejiya a cikin gida, manyan rassa biyu sun kwanta a kan kwanon maƙwabci, ta ɗaya gefen kuma ga wayar wuta, kana da sefti bel irin na magina da igiyar roba shuɗiya irin ta rijiya, kana son sanin ko za su yi, in ba za su yi ba me za ka saya kuma yaya ake ɗaurin.

Ba za su yi ba, duka biyun. Amma kafin mu zo kan kaya bari in fara da nauyi, don duk wanda ya taso daga aikin ƙasa a nan yake ruɗuwa. A ƙasa in ka datse reshe faɗuwa yake ƙasa ta ɗauke shi, ba ruwanka da kilo nawa ne. A sama kuwa duk abin da ka yanka sai wani abu ya riƙe shi, ko igiya, ko gwafar da ka rataya igiyar, ko yaron da ka tsayar a ƙasa, ko kai kanka in Allah bai kiyaye ba. Ɗanyen itace mai ƙarfi ka ƙaddara shi kusan tan ɗaya a kowace kubik mita, wannan shi ne lissafin da ba zai yaudare ka ba. Gungume mai kaurin santimita 30, tsawon mita ɗaya tak, kusan kilo 70 ne. Mai kaurin santimita 40 ya kai kilo 125. To reshen da ka ce ya miƙe a kan kwano, in ya yi mita huɗu da 'ya'yan rassansa da ɗanyen ganye, ba wuya ya kai buhun siminti huɗu ko biyar, kuma daga ƙasa in ka ɗaga kai sai ka ga kamar mutum biyu za su ɗauka.

Wannan fa nauyinsa ne yana zaune lafiya. Matsalar ita ce itace ba ya sauka a kan igiya a hankali, faɗowa yake sannan igiya ta fizge shi. Ɗauki guntu mai kilo 100, ya faɗo mita ɗaya kafin igiya ta miƙe, igiyar kuma an ɗaure ta tamau a ƙasa, ta ɗan ja santimita 25 ta tsaya. In ka buga lissafin a takarda ƙarfin da ya hau kan igiyar a wannan ƙiftawar idon ya kai tan ɗaya, ninki goma kenan. A zahiri bishiyar tana ɗan lanƙwasa ta shanye wani abu, ƙulli ma yana ɗan zamewa, amma ka ga inda maganar ta dosa. Sannan ga wani abin da mutane ba sa lura, in igiya ta hau fuli, wato ƙarfen nan mai gare da igiya ke gudu a kansa, ta sauko, ɓangaren kaya yana ja ƙasa, ɓangaren mai riƙo ma yana ja ƙasa, to wurin da ka rataya fulin nauyi biyu yake ɗauka. Kilo 100 ɗinka ya zama kusan tan biyu a kan gwafa ɗaya, gwafar da wataƙila kai ma a jikinta ka ɗaure kanka. In igiyar ta ɗan buɗe, ɓangarorin biyu suka yi kusurwa mai digiri 90 a tsakaninsu, nauyin da ke kan gwafar ya ragu daga ninki biyu zuwa kamar ninki ɗaya da rabi saura kaɗan, shi ya sa za ka ga gwanaye suna bi da igiya ta gwafa biyu maimakon ɗaya.

Saboda haka maganin farko ba a kasuwa yake ba, ka yanka ƙanana. Reshen da mai gida yake son ka sauke da yanka ɗaya don a gama da wuri, ka yi masa yanka takwas ko goma, ka faro daga ƙarshe wajen ganye kana dawowa wajen gangar bishiyar. Mai gida zai tsaya yana cewa ai wane da ya zo bara sara biyu ya yi, ƙyale shi, ba shi zai biya kwanon maƙwabci ba, kuma ba ƙashinsa ne a sama ba.

Yanzu igiya. Igiya biyu ce daban kuma har abada ba sa musayar aiki, ta rai, wato ta hawa, da ta kaya. Wadda ta taɓa sauke gungume ko sau ɗaya ba ta ƙara ɗaukar mutum, don fizgar da ta sha ba a gani da ido. Ka saye su kala daban yadda ko yaronka ba zai ruɗe ba. Ta hawa ana samunta kauri milimita 11 zuwa 13, mai saƙa ce ba mai murɗi ba, ba ta cika ja ba, ka duba tambarin EN 1891 nau'in A a jikin lebul ɗinta, wannan tambarin yana nufin tana ɗaukar aƙalla 22 kN kafin ta tsinke, kN ɗaya kuwa kusan kilo 100 ne. A Amurka ƙa'idarsu ta masu aikin bishiya, Z133, nauyin fam 5,400 ta sa wa sabuwar igiyar hawa, kusan 24 kN kenan. Ta kaya kuma foliyesta mai saƙa biyu, milimita 12 zuwa 16 gwargwadon aikin. Abin da aka rubuta a jiki ƙarfin tsinkewa ne ba ƙarfin aiki ba, ka raba shi gida goma, abin da ya fito shi ne naka, don ƙulli kaɗai yana iya cinye kusan rabin ƙarfin igiya, ga tsufa ga datti ga fizga.

Ita shuɗiyar nan taka roba ce zalla, rana tana cin ta, za ka ga in ta kwana biyu a waje tana yin gari-gari in ka murza, tana da santsi ƙulli ba ya zama a jikinta, kuma zafi kaɗan take narkewa, wajen digiri 160 ne, alhali foliyesta sai ta kai wajen 250. In kaya ya ja igiya da gudu ta cikin gwafa zafin gogayyar yana kaiwa nan cikin daƙiƙu. Ka bar ta ta zama igiyar jan reshe gefe daga ƙasa, wannan aikin za ta iya.

Bel ɗin magina shi ma ba don wannan aka yi shi ba. In irin na ƙugu ne kawai, ranar da ka zame zai haura ƙarƙashin haƙarƙarinka ya matse numfashi, ko ya karya maka baya. In kuma irin mai zobe a tsakiyar baya ne, shi an yi shi ne ya tare mutum in ya faɗo daga bene, ba a zama a cikinsa a yi aiki, zai rataye ka fuska ƙasa hannunka bai kai ga komai ba. Kai kana buƙatar bel ɗin zama, mai madaurin cinya biyu da maɗauri a gaba wajen mara inda igiyar hawa ke shiga, da zobe biyu a kwiɓi na gajeriyar igiyar da ake zagaya ganga da ita, tambarinsu EN 813 da EN 358. Karabina, wato ƙugiyar nan mai ƙofa, ka nemi mai kulle kanta wadda sai ka yi motsi uku take buɗewa, a jikinta a rubuce 22 kN ko sama. Akwai wasu masu kama da su sak a kasuwa na rataya makulli ne da gora, wlh ko akuya ban yarda a rataya da su ba. Hular kwano mai madaurin haɓa, ba ta magina da ke faɗuwa in ka sunkuya ba, da gilashin ido. Kayan gwanjo kuma, ƙarfe in babu tsaga babu zaizaya ƙofa na rufewa da kanta ana iya lallaɓawa, amma igiya da bel ba ka san me suka gani ba kafin su iso hannunka, ruwan batir ɗigo kaɗan yake kashe su kuma ba lallai ka ga alama ba.

Na san kuɗin kayan nan zai iya fin kuɗin aikin gaba ɗaya. In haka ne gaskiyar magana ka nemo wanda yake da kayan kuma ya iya hawa ku raba kuɗin, kai ka tsaya a ƙasa ka riƙe igiya ka daddatsa abin da ya sauko, a nan za ka ga abubuwa da yawa da rubutu ba zai nuna maka ba.

Kafin a hau ana zagaya bishiya tukunna, a nutse, ba da inji a hannu ba. Ka duba gindi ko ƙasa ta tsage ko ta ɗago ta gefe ɗaya, ko an taɓa haƙa fandisho ko kwalbati an datse saiwoyi. Ka duba hanyar gara a jikin ɓawo, ka bubbuga gangar da ƙotar gatari, lafiyayyen itace ƙararsa a dunƙule take, mai kogo kuwa za ka ji tana amsawa. Naman kaza mai tauri da ke fitowa a jikin ganga alamar ruɓa ce a ciki. Gwafar da ta matse sosai, rassa biyu sun taso manne da juna ɓawo ya shige tsakaninsu, ba ta da ƙarfi ko da ta yi kauri, wadda ta buɗe ita ce abar yarda. Ka tsaya ka kalli kogunan sama na ɗan lokaci ko ƙudan zuma na shiga da fita, ko wani ya taɓa ɗora amya, don ƙarar inji da girgizarsa na tayar da su, kuma mutumin da zuma ta rufe a sama yana ɗaure ba ya tunanin ƙulli, ƙoƙarin kwancewa kawai yake. In akwai su a nemo mai zuma ya yi aikinsa da daddare kafin ranar.

Sai abin da ya shafi darbejiya musamman, kuma ka riƙe wannan da kyau. Kusan duk tsohuwar darbejiyar cikin gari an taɓa yi mata aski, wata ma sau da yawa, an datse kanta ta sake tohowa. In ka hau za ka ga wani dunƙulallen kai, daga jikinsa rassa biyar ko shida sun miƙe sama santal-santal gwanin sha'awa, har ka ce ga wurin rataya igiya. Waɗannan rassan ba daga zuciyar itacen suka fito ba, daga bayan ɓawo suka toho a gefen tsohon sara, shi kuma tsohon saran sau tari ruwan damina ya zauna a kansa shekara da shekaru ya ruɓe daga ciki. Sa yatsa ko bakin adda a tsakiyar kan, za ka tarar da baƙar ƙasa mai laushi, wani lokacin har da tururuwa. Reshe mai kaurin cinyarka sai ya ɓalle daga nan ɗungurungum ba tare da ya yi ƙara ya gargaɗe ka ba. Don haka igiyarka ta zagaya ita uwar gangar a ƙasan wannan kan, ko a gwafa ta asali wadda ba a taɓa sara ba. Kowace bishiya da halinta, rimi da kuka itacensu ba ƙarfi duk girmansu, turare yana yar da reshe ba gaira ba dalili kuma yana tsagewa a tsaye, tsamiya da maɗaci sun fi riƙo amma nauyinsu ya fi yadda kake zato.

Wurin rataya igiyar rai, a sama sosai kuma kusa da tsakiyar bishiya, igiyar ta bi ta kan gwafa ta zagaya gangar ba reshen kaɗai ba, yadda ko reshen ya ɓalle gangar za ta tare. Kada ya gaza kaurin santimita 10 na lafiyayyen itace, ni a darbejiya na fi son ya fi haka. Daga ƙasa ake sa ta, a ɗaura ɗan nauyi a siririn zare mai ƙarfi a jefa ta kan gwafar sannan a ja igiyar da shi. Kafin ka ɗaga ƙafa ku biyu ku rataya a jikinta ku yi lilo da ƙarfi kuna kallon gwafar. In da tsani za ka fara hawa, ka riga ka ɗaure a igiya tun daga matakin farko, kuma ba a yanka daga kan tsani, reshe in ya faɗo gindin tsanin yake fara nema.

Ƙulli ba sai ka san ashirin ba. Ka iya bolin, wanda ke yin zobe ba ya zargewa ba ya kuma cijewa, da irinsa mai zarge na ɗaure reshe. Ka iya ƙullin Prusik, sunan wani mai hawan dutse ne ɗan Ostiriya da ya fito da shi a 1931, siririyar igiya ce ake naɗawa a jikin babbar, in ka sa hannu ka tura tana tafiya, in nauyinka ya hau ta cije. Da shi ko danginsa ake hawa ake sauka. Ka yi ƙulli a ƙarshen igiyar hawa kullum, don kada ka zo sauka ta ƙare a hannunka. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, ka samu bishiyar da ba kowa a ƙarƙashinta ka rataya igiya, ka yi ta hawa mita biyu kana sauka har hannunka ya iya ba tare da ka kalla ba, kuma wanda ya iya ya duba maka ƙullin da idonsa, bidiyon YouTube ba zai ce maka ka juya shi a baibai ba.

A sama doka ɗaya ce ba ta da togiya, ko na daƙiƙa ɗaya kada ka kasance ba a ɗaure ba. In za ka tsallake gwafa ko ka canza wurin igiya, ka fara sa gajeriyar igiyar a ganga, ka sake mata nauyinka ka tabbatar ta riƙe, sannan ka kwance waccan. In za ka ta da inji kuma wuri biyu za ka ɗaure, doguwar daga sama da gajeriyar a ganga, kuma a raba su yadda yanka ɗaya ba zai same su tare ba, don sarƙar inji tana gudun wajen mita 20 a daƙiƙa, igiya a miƙe taɓawa ɗaya ce. A Ingila yanzu ma abin da hukumarsu ke so shi ne mai hawa ya kasance a kan igiya biyu masu wurin rataya daban-daban kusan duk tsawon aikin. Igiya kada ta yi sako-sako, abin da ya wuce rabin mita ka janye shi, kuma kada ka haura saman wurin da ka rataya, don irin wannan igiyar ba ta ja, in ka faɗo a kanta bayanka ne zai sha fizgar. Haka in ka yi nisa a kan reshe igiya ta kwanta sosai, zamewa ɗaya za ka yi lilo ka dawo ka daki ganga, to ka sa gajeriyar a inda kake ko ka bi da doguwar ta wata gwafa da ke samanka.

Babban injin da kuke tsaga katako da shi a daji kada ka hau da shi, ban ma san yadda za ka ta da shi a sama ba. Akwai ƙanana na sama, amma ga wanda yake farawa ni zarton hannu mai kaifi na fi so, ko kana ganin wasa ne reshe mai kaurin damtse cikin minti ɗaya yake cire shi, kuma yana ba ka damar jin lokacin da itacen ya fara sakin jiki. Adda da barandami su ne suka fi yanke igiyar mutane, sara ɗaya ya goce shikenan. In inji ne dole, hannu biyu, ba a saman kafaɗa ba, kan bakin injin ta sama kada ya taɓa komai don nan ne yake harbowa fuska, ka sa birkin sarƙa duk lokacin da za ka motsa.

Yanka kuma kada ka fara ta sama kai tsaye, reshen zai karye kafin ka gama ya ɓare ɓawo har ganga, in gajeriyar igiyarka tana ƙasan wurin sai ɓawon ya ja ta ya manna ka da itacen. Ka fara ta ƙasa, kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin, sannan ka dawo ta sama. Da inji, yankan saman ya ɗan matso ta wajen ganga kaɗan, don in ya fita ta wajen ganye reshen yana iya tafiya da bakin injin. Dungun da ya rage shi ne na ƙarshe, ka cire shi dab da kumburin nan da ke wuyan reshe amma kada ka yanke kumburin, da shi bishiya ke rufe ciwonta, wani masanin itatuwa Ba'amurke Alex Shigo ya yi shekaru yana tsaga itace yana nuna haka. Baƙin mai da fenti da ake shafawa ba sa ƙara komai.

Ga yadda zan sauke na kan kwanon da ni ne. Fuli a sama da reshen, a wata gwafa daban da wadda raina ke rataye, in da hali ta ɓangaren filin gidan yadda duk abin da na yanka zai yi lilo ya bar saman kwano ya kuma yi nesa da ni. Tunda igiyar daga sama take zuwa, yaron ƙasa zai janye ta ta miƙe kafin in yanka, guntun ba shi da inda zai faɗa, ka ga fizgar nan ta tan ɗaya ba ta taso ba. Ɗaurin a jikin guntu, rabin ƙulli, wato zagaye ɗaya da igiyar ta bi ta ƙarƙashin kanta, kusa da wurin yanka sannan zargen a gaba, a bayan wata 'yar gwafa yadda ba zai zame ba. In ka ɗaure ta wajen ganye gindin ne zai faɗo ya yi lilo, kuma wajenka yake zuwa, in ka ɗaure ta gindi kan ne zai nutsa ƙasa, to ka duba ko akwai tazara tsakaninsa da kwano. Wanda ya kwanta dab da kwano igiya biyu ake sa masa, gaba da baya, a ɗauke shi a kwance, shuɗiyar taka kuma ta ja shi gefe. Fulin magina na jan bokiti mai buɗaɗɗiyar ƙugiya ba na wannan aikin ba ne, in ba ka da na gaske gara ka bi da igiyar ta kan gwafa mai faɗi ka ƙara rage girman abin da kake yanka, igiyar za ta ci wuya amma ba za ta yi tsalle ta fita ba. Igiyar kaya kuma kada ta goga a kan ta hawa ko kaɗan.

Yaron ƙasa rabin aikin ne, ba wanda aka tsinta a bakin titi da safe ba. Ba ya riƙe kaya da ƙarfinsa, gogayya ce ke riƙewa. Akwai ƙarfen da ake ɗaurawa a gindin bishiya a naɗa igiya a jiki, in babu sai ya zagaya igiyar a gangar wata bishiyar ko ita wannan ɗin, zagaye ɗaya ga ƙaramin guntu, biyu ga babba. In zagaye ya yi yawa kuma sai kaya ya tsaya cak ya girgiza ka a sama, gwanin riƙo shi ne wanda in guntu ya taho zai bar igiya ta ɗan gudu a hannunsa sannan ya tsayar a hankali. Safar hannu ta fata dole, kada ya naɗa igiya a hannu ko a ƙugu, kada ya taka cikin naɗinta, kada ya tsaya a ƙarƙashin kaya. Ku yi kalma tsakaninku, ka ce a kauce, sai ka ji ya ce an kauce sannan ka yanka, shiru ba amsa ba ce. Sannan mutum na uku wanda aikinsa kawai korar jama'a, don ka san halinmu, inji na tashi yara sun cika wurin, mata na jiran ƙirare, awaki na bin ganye, a gaya wa maƙwabcin ma ya fitar da iyalinsa daga ɗakin har a gama.

Ɓangaren waya ban ba ka wata dabara ba. Ka fara sanin wace iri ce, ta shiga gida ce, ko layin unguwa mai volt 415, ko hai tenshan mai 11,000 ko 33,000 da ke saman fol. Manyan ba sai ka taɓa ba, in ka matsa sosai tsallakowa suke, kuma ɗanyen reshe da jiƙaƙƙiyar igiya da tsanin ƙarfe duk hanya ce. Ƙa'idar Amurka ga wanda ba ma'aikacin layi ba ƙafa 10 ce, wato mita 3, kuma ba jikinka kaɗai ba, har zartonka da igiyarka da inda reshen zai bi in ya faɗi ko ya yi lilo. Kada ka ce ai an ɗauke wuta tun jiya, ana iya dawo da ita kana tsakiyar yanka, kuma wani a unguwar yana iya ta da janareto ba tare da ya cire layi ba wuta ta biyo waya. Mai gida ya je ofishin kamfanin wuta su zo su kashe su tsaya a wurin, in ba haka ba wannan gefen ka cire shi daga cinikin.

In iska ta taso ko hadari ya haɗo ka sauko, bayan ruwa ma ɓawo santsi yake. Lokacin zafi ka fara da sassafe ka sauka kafin rana ta take, balle da azumi a baki, jiri a sama ba ya sallama. Masu shan ƙwaya wai don ƙarfin aiki kada ko ɗaya ya riƙe maka igiya.

Ka kuma tambayi kanka tun a ƙasa, in na yanke a sama ko na suma wa zai sauko da ni. Mutumin da ya suma yana rataye a bel ba ya jiran a je a nemo tsani a wata unguwa, mintuna ne. Ya zama akwai mai iya hawa a wurin da kayansa, igiyarka kuma ta kai ƙasa daga duk inda kake yadda za ka iya sauka da hannu ɗaya, bandeji babba a jikin bel ɗinka ba a cikin jaka a ƙasa ba, da abin hawa a kusa kuma an san asibitin da za a nufa. In mutum ya faɗo kada a cicciɓe shi hannu da ƙafa a cusa a adaidaita, a riƙe kai da wuya a miƙe, a sa shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, asibiti tukunna a ɗauki hoto kafin a yi maganar mai ɗori.

Kayan kuma duk safiya ka bi igiya da hannu daga farko har ƙarshe, inda ka ji ta yi tauri ko ta yi ƙyalli alamar ƙuna, ko ta rame ko ta kumbura, ka yanke wurin ko ka yi ritayarta. A buhu ake ajiye ta a inuwa, nesa da fetur da batir. A Ingila dokarsu ta 1998 ta sa duk wata shida wani masani daban ya duba kayan hawa ya rubuta, mu nan ba mai duba maka sai kai.

Ka turo hoton bishiyar daga gefe biyu, ɗaya a nuna tazarar reshen da kwano, ɗaya a nuna fol ɗin da wayoyin da ke kansa, da hoton wurin da aka taɓa datse ta in akwai, sai in gaya maka gwafar da zan rataya a kai da wadda ba zan kusanta ba.